Kujera a Ɗakin Shiraishi

Da safiyar Talata wata budurwa ta kai ƙara ofishin 'yan sanda na Yonago. An fasa aurenta ana dab da biki, domin wani ya jefa wa dangin ango takarda a akwatin wasiƙunsu, ɗauke da sunan cutar da take shan magani a kanta a ɓoye. Daga wani ƙaramin asibiti takardar ta fito.

Sufeto Kuramochi aka ba binciken. Da ya isa can, ya kaɗe ƙanƙara daga kafaɗarsa, ya hau bene wurin mai asibitin, Likita Hamawaki.

"Kada ka wahalar da kanka, Sufeto," in ji likitan. "Kwamfuta ta nuna da sunan ma'aikaciyarmu Shiraishi aka buɗe fayil ɗin yarinyar, ranar Asabar da yamma. Na aika mata ta tattara kayanta."

"Ka tambaye ta?"

"Ai a ƙasa take zama."

A ƙasan ya same ta, bayan ɗakin ajiyar magani, a kan keken guragu. Shiraishi Nobue ta haura arba'in. Aikinta shi ne ta karanta rubutun likita, ta mayar da kowace cuta da kowane magani lambar da inshora ke biya da ita. Daga gida ta karanci aikin bayan haɗarin mota, ta ci jarrabawa, ta yi ta yawon nema kafin a ɗauke ta nan. Sauran ma'aikata duk a sama suke, ginin kuwa matakala ce kawai.

"Ina kike ranar Asabar?"

"A gida."

"Wa zai shaide ki?"

"Talabijin. Shi ma ba ya magana sai an kunna shi." Ta yi ɗan murmushi, ya gushe. "Sufeto, in aka kore ni da sunan ɓarauniyar sirrin marasa lafiya, babu asibitin da zai sake kallona. Wannan aikin kaɗai nake iya yi a zaune."

Kuramochi bai yi sauri ba. Ya jingina da bango yana jira, don bai ga wurin zama ba. Sai ya lura da wata kujera da aka tura can lungu.

"Ta baƙi ce?"

"Waɗanne baƙi? Ranar Litinin na tarar da ita cuse a ƙarƙashin teburina, tsaf-tsaf. Kekena ya kasa shiga, ni kuma ba na iya jan ta. Haka na zauna ina kallonta har mai shara ta zo."

"Kin faɗa wa wani?"

"Ba wanda ya tambaya."

"Wa ya san lambarki ta sirri ta shiga kwamfuta?"

"Da yatsa ɗaya nake bugawa. Duk wanda ya tsaya kusa da ni zai haddace."

"Wa ke tsayawa kusa da ke?"

"Tabuchi-san, ta wurin karɓar marasa lafiya. Ita ke kawo min shayi. Amma ba ita ba ce. Kada ka rubuta sunanta."

Ya fita ta ƙofar baya. Maigadi Adachi, tsoho mai hular ulu, yana gyara wani katako da aka shimfiɗa a kan matakalar shiga.

"Kullum nan yake, Baba?"

"A'a. Asabar da azahar nake ɗauke shi in kulle a rumbu, sai Litinin. In ba shi, keken Shiraishi-san ba ya hawa, sai dai in fukafukai ya yi."

"Kai ka rufe ginin ranar?"

"Ni da hannuna."

Kuramochi ya dubi jaridar tseren dawaki da ke leƙowa daga aljihun tsohon. "Dokinka ya ci?"

"Ina! Jaki ne a rigar doki, a kan idona ya..." Adachi ya haɗiye sauran.

"Tseren da yamma ake yi. Wa ka bar wa makulli?"

Tsohon ya cire hula. "Tabuchi-san ta ce in tafi abina, za ta rufe. Don Allah kar Likita ya ji."

Kafin ya kira ta, Kuramochi ya buga wa ofishinsu waya, aka duba masa rajistar iyalin angon.

A ɗakin Shiraishi ya haɗa ta da Tabuchi. Tabuchi Sumie ta shigo da farar rigar aiki, ta rusuna, ta dafa kafaɗar Nobue.

"Kar ki damu, ƙanwata, kuskure ne."

"Tabuchi-san, kin taɓa zama a ɗakin nan?" in ji Sufeto.

"Ni? A tsaye nake kullum. Ko kujera babu."

"Ga ta can a lungu, ranar Asabar aka kawo ta. Wanda ya kawo ta ya gama aikinsa ya tura ta ƙarƙashin tebur, kamar yadda aka koya mana tun firamare. Ya manta mai teburin da tata kujerar take zuwa. Makulli yana hannunki. Uwar angon kuma yayarki ce, ciki ɗaya."

Hannun Tabuchi ya zame daga kafaɗar Nobue.

"Ɗa ɗaya gare ta," yayar tawa," ta ce, "shi kaɗai." "Na ga yarinyar tana zuwa wata-wata, na ce sai na san abin da za a shigo mana da shi gida. In na buɗe da sunana za a gane. Na ɗauka Shiraishi-san ba za a kore ta ba, za a tausaya mata."

"Tun yaushe kika san yarinyar tana zuwa nan?" Nobue ce ta tambaya.

"Tun bazara."

"Da bazara kika fara saukowa wurina."

Wata 'yar sanda da Sufeto ya kira ta riƙe hannun Tabuchi, ta fita da ita zuwa mota.

Likita Hamawaki ya sauko, ya rusuna daga bakin ƙofa, ya ce Shiraishi-san ta ci gaba da aikinta, yau ma ta je gida ta huta. Ya koma sama.

Kuramochi ya ciro wayarsa. "Ƙanƙara ta rufe hanya. Wa zan kira ya zo ya raka ki?"

Nobue ta buɗe tata wayar, ta daɗe tana kallo.

"Bar shi, Sufeto," ta ce. "Lambar Tabuchi-san ce kawai a ciki."