'Yar Hanji da Mai Gyaran Firiji

Ranar da ya fara ganinta, tsaye take gaban babban firijin ɗakin bincike, hannu biyu a ka, idanunta sun kaɗa sun yi ja. Injin ya mutu tun safe, a cikinsa kuwa akwai gutsattsarin hanji da ta shafe shekaru tana tarawa. Shi mai gyaran firiji ne, kiransa aka yi.

Yana durƙushe yana kwance bayan injin, ita kuma don rage fargaba ta hau yi masa bayanin da bai tambaya ba. Wai hanji yana da nasa jijiyoyin, su ke tura abinci gaba, kuma akan haifi jariri wani yankin hanjinsa babu su. Aikinta shi ne haɗa wani rini da zai nuna wa likitan tiyata inda jijiyoyin suka ƙare, ya yanke iya nan.

Ko rabi bai gane ba, amma muryarta ta zauna masa a rai.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Har yanzu yana aiki. Na gode, Mai Sanyi."

Ya mayar mata: "In ya sake tsayawa ki kira ni. In bai tsaya ba ma ki kira ni, 'Yar Hanji."

Daga nan aka ƙulla. Sai dai da ya kai maganar gida, Umma ta ce sam. Ta ji labarin yarinyar wuni take tana feɗe ɓeraye, ita kam ba za ta ci girkinta ba. Ta ƙara da cewa mai irin wannan karatun ba za ta zauna da mai yawo da sufana ba, balle ga wani likitan tiyata da kullum ke rage mata hanya.

Ranar da ya ga yarinyar da idonsa tana fitowa daga motar likitan tana dariya, sai ya daina ɗaga wayarta.

"Sanyina, me na yi maka? Ko faɗa ne ka yi min. Shirun nan ya hana ni cin abinci."

Ya karanta, ya kife wayar, shi ma bai iya cin nasa ba.

Ana cikin haka yayarsa ta haihu. Jaririn ya kasa bayan gida, cikinsa ya kumbura suntum, yana ta koren amai. A asibiti aka ce wani yankin hanjinsa babu jijiyoyi, sai an yi masa aiki, kuma wannan likitan ne zai yi.

Suna zaune a baranda sai ga 'Yar Hanji cikin farar riga, riƙe da ɗan akwati. Ya miƙe ya ce ɗan yayarsa ne a ciki.

"Na sani," ta ce a hankali. "Ka yi min addu'a kada idona ya yi kuskure."

Ta yi ta kai da komo tsakanin ɗakin tiyata da na'urar da take duba gutsuren hanjin jaririn da ita, ba ta kallon kowa. Duk wucewarta sai carbin Umma ya tsaya. Can likitan ya fito yana share gumi, ya ce har ya yi niyyar ɗinkewa, yarinyar nan ce ta ce a ƙara yankewa gaba kaɗan, wurin babu jijiya. Yanzu sai jira.

Jiran ya fi aikin wuya. Kullum tana zuwa ta leƙa ta gilashi ta koma, ta rame a tsaye. A nan Mai Sanyi ya tare ta ya ba ta haƙuri. Ta ce lallai likitan ya nemi aurenta, amma tun a lokacin ta faɗa masa an riga shi, motar kuwa samfurin hanji na bincike suke ɗaukowa a cikinta.

"Da ka tambaye ni," ta ce, hawaye na zubo mata.

Wata safiya yayarsa ta buɗe ƙunzugun jaririn ta tarar ya ɓata shi. Umma ta ɗaga ƙunzugun tana nuna wa duk mai wucewa, tana kuka tana dariya. Sannan ta aika a kira mata yarinyar, ta zaunar da ita gefenta, ta tambaye ta gidan iyayenta.

Bayan an ɗaura aure, Umma ta haɗa hannuwansu cikin nata ta ce, "'Yata, na yi miki gaggawa, ki yafe min. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka."

Amarya ta sunkuyar da kai. Ango ne ya riga kowa cewa amin.