Wankan Bayan Shago

Kafinta na zaune a falo da yayarsa lokacin da matarsa ta yi sallama ta shigo. Ciki-ciki ya amsa. Kayan jikinta yake kallo. Da safe shuɗi ta sa ta fita, yanzu ga ta cikin ruwan ƙasa, fuska fes kamar wadda ta fito daga wanka. Yau kwana tara ke nan ana haka.

Sati uku da suka wuce likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya ce huhun ya fara tauri, ƙurar katako ta shekara goma sha biyar ta yi aikinta. Ciwon ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Da suka iso gida shi da matarsa, Kafinta ya kafa doka.

"Duk ranar da kika ambaci ciwon nan a gidan nan, ranki zai ɓaci," ya ce da matar. Ya jefa magungunan a durowa ya rufe.

Ita kuwa a shagon turare take aiki. Shekara shida da aurensu, tun daga ƙofa ƙamshinta ke riga ta shigowa. Yanzu ko ɗigo babu.

Ta gaishe su ta wuce kicin. Yayar ta bi ta da harara.

"Ƙanena, ciwon a ƙirji yake ko a ido? Mace ta fita da kaya ta dawo da wasu, ta yi wanka a waje, kai kana nan kana tari!"

"Yaya, ki bari."

"Ba zan bari ba! Mai shagon nan matarsa ta rasu, kowa ya sani. Ita kuma ta ji abin da likita ya ce. Yarinya ce ɗanya, wuri take kamawa tun kafin ka kwanta. Ka sallame ta da mutuncinka, ni zan yi jinyarka."

Maganar ta zauna masa. Da matar ta kawo abinci ya ture kwanon.

"Turaren ma an daina sa mana? Ko an samu mai hancin da ya fi nawa?"

Ta buɗe baki, ta dube shi, ta rufe. Hawaye ya zubo mata. Shirun nan ya fi komai ƙona shi.

Washegari da la'asar ya rubuta takardar saki, ya sa a aljihu. Ya ce sai ya gani da idonsa tukuna, ya nufi wurin aikinta. Shagon a bene yake, matakala ashirin da biyu. Mutumin da ke ɗaukar ƙofar katako shi kaɗai, a ta tara ya zube. Tari ya turnuƙe shi, iska ta ƙi shiga.

Mai shagon ne ya sauko da gudu ya tallafe shi.

"Sake ni!" in ji Kafinta, da sauran numfashin da ya rage masa. "Ina matata?"

"Tana baya tana wankanta na kullum. Malam, kada ka hau, ƙamshin sama zai ƙarasa ka."

Sai ga ta ta fito daga wani lungu bayan matakala, mayafi a karkace, ruwa na ɗiga daga gashinta. Hannu ɗaya bokiti, ɗayan leda an ƙulle bakinta tamau.

"Innalillahi! Maigida, me ya kawo ka nan?"

"Me ke cikin ledar?"

"Kayan safe ne. Kar ka buɗe, don Allah, turare ya kama su."

Ya tsaya yana kallonta. Ta durƙusa a kan matakalar.

"Ranar da ka fita ka bar ni a ofishin likita, ya ce min ƙamshi da hayaƙi da ƙura duk suna tayar maka da tarin. Na lura ina shigowa kake farawa. Shi ne nake wanka nan da sabulu marar ƙamshi, sau biyu, in canza kaya. Waɗannan kuma a gidan Mama nake wanke su."

"A wannan lungun? Da ruwan sanyi?"

"To ina zan samu na zafi?"

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Kai ka kafa doka! Yaya zan yi bayanin wanka ban ambaci ciwo ba?" Kuka ya ƙwace mata. "Kana tsoro, na sani. Ni ma wallahi tsoron nake ji. Amma ka bar ni ina jin nawa ni kaɗai!"

Mai shagon ya juya ya hau sama abinsa.

Kafinta ya sa hannu a aljihu. Ya zaro takardar, ya yayyaga ta ƙanana, bai bari ta karanta ba. Ta gane ko mece ce. Ba ta tambaya ba.

"Ki yafe min," ya ce. "Na janye dokar. Me kuma likitan ya ce?"

"Da yawa. Ka sha magani. Ka bar wurin zarto. Ka koma ranar Laraba."

"Tare za mu?"

"Da da wa za ka?"

Ta kama hannunsa suka sauka, matakala ɗaya, hutu ɗaya. A gida ya gaya wa yayarsa komai a gaban matar. Yayar ta sunkuyar da kai ta nemi gafara.

Ciwon bai tafi ba, ba kuwa zai tafi ba. Amma Kafinta na shan magani, yana zana kujeru wasu na yankawa, matarsa na kusa da shi.

Ku yara masu tasowa, ku ji. Ciwo ba abin kunya ba ne. Wanda ya hana a yi maganar ciwonsa, zargi ne zai cika masa gida. Kafin ka saurari mai zuga, ka tambayi wadda ke haƙuri da kai.