Hannun da ke Gefen Kyamara

"Don Celestino, zuciyata ba ta sayarwa ba ce..." Na lumshe ido, na shafa ƙeyarsa mai sanƙo. "Amma gidanka na bakin teku, ɗaki nawa ka ce?"

"Marar kunya!"

Wannan maganar ba ta cikin takardar fim. Daga bayan fitilu ta fito, da muryar da ta saba tallar burodi tun asuba.

"A tsaya!" Darakta ya jefar da hularsa ƙasa. "Wa ya bar mutane suka shigo ana ɗauka?"

Ni kam ban ma juya ba na san ko wace ce. Doña Eulalia, mahaifiyar Ebaristo, masoyina. A ƙasarmu Don da Doña laƙabin girmamawa ne, na dattijo da na dattijuwa. A bayanta kuwa ga Griselda, 'yar maƙwabciyarsu, tana gyara gyale kamar ba ita ta haɗa tafiyar ba. Tun tana 'yar shekara goma take ɗinka rigar aurenta da Ebaristo a zuci, baiwar Allah.

Sunana Otiliya Barragan. Finafinai shida na yi a birnin Meksiko, kuma a duk shidan aikina ɗaya ne: in yar da saurayi talaka in bi tsoho mai mota, mutane su yi ta dariya har su riƙe ciki. Na iya aikin, ba yabon kai ba. Har na iya shi fiye da kima, don uwar mijin da nake so ta gaskata.

Ebaristo kuwa ba shi da mota, ko keke sai na aro. Gefen kyamara yake tsayawa yana daidaita idonta. Mahaifina ya ce ba zai ba da ni ba sai uwar yaro ta tako da ƙafarta ta roƙa, kamar yadda ake yi wa kowace 'yar mutunci. Lahadi uku yana sa rigarsa mai kyau yana jira, ba ta zo ba. Ya rantse ta huɗu ce ta ƙarshe, kuma ranar nan Juma'a ce.

"Mama, don Allah..." Ebaristo ya taso, fuskarsa duk ta yi jawur.

"Rufe min baki! Griselda ta kai ni silima sau shida. Sau shida ina kallon wannan yarinya tana wulaƙanta ɗan talaka. Yau na ce sai na gani da idona. To ga shi na gani!"

"Ni dai tausayinki na ji, Doña," in ji Griselda a sanyaye. "Ɗa ɗaya gare ki."

Tausayi! Na ji kamar in cusa mata gyalen a baki. Amma na tattare rigata na nufi tsohuwar, kaina a sama.

"Barka da zuwa, Doña Eulalia. Tunda kin zo gani, matso ki gani da kyau. Wannan rigar a majigi fara ce tas, ko? Dube ta."

Ta duba. Rawaya ce mai muni kamar ruwan ƙwai, don a fim baƙi-da-fari rawaya ce ke fita fari, farin yadi kuwa ƙyalli yake yi a gaban fitila.

"Sarƙar nan gilashi ce. Abin da ke cikin kofin nan ba giya ba ce, shayi ne mai sanyi. Don Celestino kuwa jikokinsa tara, kuma a motar haya yake zuwa."

"Goma," in ji tsohon. "An haifi ɗaya ran Talata."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Ita ko gezau.

"Yarinya, kin ɗauka ni sakarya ce? Na san riga ƙarya ce, na san sarƙa ƙarya ce. Idonki fa?"

Ta nuna fuskata da yatsa.

"Duk sanda fuskarki ta cika majigin nan, kina kallon attajirin, akwai wani kallo da kike yi. Na yi aure, na haihu, na binne miji. Na san wannan kallon. Ba a shafa shi kamar hoda. Macen da ta kalli dukiya haka, wallahi ɗana ba zai riƙe ta ba!"

Muryarta ta karye a ƙarshen maganar. A nan na daina jin haushinta. Tsoro take ji, kuma ta faɗi gaskiya, kallon na gaske ne.

Na juya ga darakta. "Maigida, saura ɗaukar fuskata daga kusa, ko?"

"Ita nake jira tun safe, in an bar ni!"

"To a ba Doña Eulalia wuri ta tsaya bayan kyamara."

Aka turo kyamarar har gabana, kusa yadda babu wurin mutum na biyu. Don Celestino ya cire rigar attajirai, ya koma can lungu ya kwance ƙunshin abincinsa.

"Ina zai je?" Doña Eulalia ta tambaya. "Ba shi za ta kalla ba?"

"A ɗaukar kusa ba a bukatata, uwata," ya amsa da baki cike. "Hannu ake ɗaga mata a gefen kyamara, don idonta ya tsaya wuri ɗaya."

"Hannun wa?"

Ebaristo ya koma wurinsa, ya ɗaga hannun dama daidai kuncinsa, yadda yake yi kullum.

"A fara!"

Na kalle shi. Ban yi komai ba, na dai kalle shi kawai, da gashinsa da ba ya kwanciya da tabon ƙuna a babban yatsa. Layin da aka rubuta mini ya ɓace daga kaina ɗungurungum.

"Rabin raina," na ce, "shekara guda cur ina yi maka kallon nan kafin ka gane. Duk ƙasar nan ta gani, kai kaɗai ne kake duba ko hoton ya fita."

"Na gani, Otiliya," ya ce a hankali. "Tsoro nake ji kada ya zama ba nawa ba ne."

"Wannan ba ya cikin takarda!" Darakta ya yi ihu. Amma bai ce a tsaya ba.

Doña Eulalia na tsaye daf da kafaɗar ɗanta, kallon ya faɗa kanta ita ma. Can ta sa bakin gyale ta share ido.

"Doña, ai sana'arta ce," Griselda ta faɗa da sauri. "Yanzu ma wasa take..."

"Griselda, je ki tsare min shago. Burodi ba ya sayar da kansa."

Ta fice fuu, har ta yi tuntuɓe da wayar fitila. Allah ya yafe mini, na ji daɗi!

Tsohuwar ta zagayo gabana, ta kama haɓata da hannunta mai ƙanshin ƙullun burodi, ta juya fuskata dama da hagu.

"Finafinai shida," ta ce. "Duk shi kike kallo?"

"Duk shi, Mama."

Ba ta hana ni kiran ba.

"Ki ce wa mahaifinki ya sa rigar tasa ran Lahadi. Bayan coci zan zo." Sannan ta waiga ta harari ɗanta, wanda har yanzu yake tsaye ƙiƙam yana hawaye. "Kai kuma sauke hannun nan, sakarai! Ai ta riga ta gan ka."