Klabiyen da Ba Shi da Mai Shi

Me za ka yi idan ka ɗauke hannunka daga kan abu, abin kuma ya ci gaba da tafiya?

A gidan Alhaji Mailafiya, mai sayar da hatsi a Tanut, haka al'amarin ya soma, da yammacin wata Lahadi. Rana ta gangara, awaki sun dawo sun taru a bakin zaure, uwargida Inna Balki tana tankaɗe a tsakar gida. A ɗakin da ke kusa da rumbu akwai ordinater biyu, wato kwamfuta, a ƙarƙashin tebur guda. Ɗaya ta Zuhaira ce, ƴar gidan, wadda ke rubuta kundin kammala jami'a a kan rijiyoyin makiyayan kwarin Tarka. Ɗayar ta wanta Haris ce, wanda ke wasan yaƙi da abokansa na Agadas ta intanet. Allon kallo ɗaya ne, klabiye, wato allon maɓallan rubutu, shi ma ɗaya, kuma Zuhaira ce ta zo da su daga Damagaram, inda take karatu. Haris ya sayo wani baƙin akwati ɗan ƙarami da ake kira KVM ya haɗa komai a jikinsa: a danna maɓalli, klabiye ya koma wannan na'ura, a sake dannawa, ya koma waccan.

Ranar Alhamis ne wa'adin miƙa kundin. Alhaji kuwa ya riga ya yanke magana cewa wannan ce shekarar ƙarshe, ko ta gama ko ta dawo gida ta zauna.

"Yaya, batirin sola ya kusa mutuwa. Tun azahar kake kai."

"Madam dokta, ki bari in gama wannan zagayen."

"Zagaye na nawa ke nan?"

Haris ya ci gaba da wasansa. Yatsansa na danne da maɓallin da ke sa sojansa gudu. Sai ta miƙa hannu ta saman kafaɗarsa ta danna akwatin, rubutunta ya bayyana. Ya buge hannunta ya mayar. Ga sojan can yana ta gudu shi kaɗai, ya tsallake ramin ɓuya, ya shiga tsakiyar harsasai.

"Kin kashe ni!"

"An danna a taka, an saki a tawa," in ji ta. "Taka ba ta ji an saki ba. Ka sake taɓa maɓallin, zai tsaya."

Ya taɓa, bai tsaya ba. Ya zare wayar klabiyen gaba ɗaya ya riƙe ta a hannu. Sojan ya tashi daga inda ya faɗi, ya nufi wani bango, ya dinga tura goshinsa a jikinsa. A kan tebur kuma, klabiyen da ba ya haɗe da komai ya yi ƙara sau ɗaya, ƙas, kamar an ɗora masa yatsa. Ladan ya soma kiran magariba. A lokacin ne dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗakin.

Duwatsu bakwai suka faɗo a yammacin nan, masu ɗumi kamar an tsamo su daga toka. Haris ya zagaya bayan katanga bai tarar da kowa ba.

Da safiyar Litinin Zuhaira ta buɗe kundinta. Babi na uku, shafi ashirin da shida, hirar da ta yi wata biyu tana bi rijiya rijiya tana yi da masu jan guga, babu shi. A gurbinsa harafi ɗaya ne tak, an jera shi layi bayan layi har ƙasa. Ta je ta durƙusa a gaban mahaifinta.

"Baba, a ba ni klabiyen kwana uku kawai. Littattafan da na yi rubutun hannu a ciki suna nan, zan sake bugawa. Ai ni na zo da shi."

Alhaji ya kurɓi shayinsa. "Abin da ya shigo gidan nan na gida ne. Ku daidaita da wanki."

Daidaitawar ita ce Haris ya riƙe shi daga azahar zuwa faɗuwar rana, domin ƙungiyarsu na cikin gasa, ita kuma ta samu abin da ya rage a batir. Ko a ɗan lokacin nata, tana cikin bugawa sai allon ya yi baƙi, ya koma filin yaƙi ba wanda ya taɓa akwatin. Da magariba duwatsu suka dawo, kuma daga cikin ɗakin da aka kulle ana jin ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, kamar mai koyon rubutu.

Ranar Talata, rana na daf da faɗuwa, Inna Balki ta same ta zaune a tabarma, idanunta a buɗe ba sa kallon komai, yatsunta goma suna bugun ƙasa.

"Zuhaira? Ƴar nan, ki dube ni."

Muryar da ta amsa mai kauri ce, kamar daga cikin randa. "Ba ta nan."

Sai Laraba da la'asar Malam Sahabi, mai ruƙiyya da aka aika a kira, ya iso daga Gangara a bayan babur. Tsoho ne siriri, ba ya gaggawar magana. Ya duba duwatsun, ya duba tebur, ya sa Haris ya nuna masa yadda akwatin ke aiki har sau uku. Bayan sallar magariba ya sa aka shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakin, ya zauna ya soma karatu. Gidan ya yi tsit, ko awakin sun daina motsi. Da ya daɗe yana yi, yatsun yarinyar suka tsaya.

"Wane ne kai?"

"Maƙwabci. Na riga katangar nan zama a nan."

"Ta ina ka shigo?"

"Ta tsakani. Idan aka danna baƙin abin nan, akwai ɗan lokaci, bai kai ƙiftawar ido ba, da allon yatsun ya bar wancan bai isa wannan ba. A nan na tsince shi. Na kasa kunne in ji ko yana da mai shi, sai na ji maigidan da bakinsa ya ce na gida ne. Mu a wurinmu, abin da ba a kira sunan mai shi ba, tsintuwa ne."

"Yarinyar fa? Ita ma tsintuwa ce?"

Aka yi wata dariya maras daɗi da bakin Zuhaira. "Kwana uku tana magana a gidan nan ba wanda ya amsa. Na ɗauka ita ma ba ta da kowa."

Inna Balki ta toshe bakinta da gefen zane. Malam ya ƙara ɗaga murya da karatu har jikin yarinyar ya soma karkarwa.

"Dakata, Alaramma! Zan fita. A bar mini hannunta na dama."

"Ko farce."

"To allon yatsun."

"Ba naka ba ne."

"Na wa ne? A faɗa in ji. Ba kai ba, shi."

Malam ya juya ya dubi Alhaji. Duhu ya gama rufe tsakar gida. Alhaji ya dubi ɗansa, ya dubi ƙasa, ya gyara hularsa. Mutumin da ke yanke farashin buhu ɗari a numfashi ɗaya ya tsaya yana neman kalma uku.

"Alhaji," in ji Malam, "ba ni yake jira ba."

"Baba, ka faɗa mana," in ji Haris. "Wallahi nata ne."

"Na Zuhaira ne," in ji Alhaji.

Ta yi atishawa sau uku ta kife a jikin uwarta. Wata iska ta bi ta kan katanga ta yi arewa. Da ta buɗe ido, abin da ta fara tambaya shi ne, "Inna, yau wace rana?"

Haris ya cire akwatin ya haɗa klabiyen kai tsaye da na'urarta. Batirin ya ba ta minti arba'in, ta buga shafi uku. Da asuba ta shiga motar Damagaram da kundi mai rami a tsakiya, aka duba aka mayar mata, aka ce ta sake rajista ta dawo baɗi.

Yanzu tana gida. A kasuwa ana cewa karatun ne ya buɗe wa aljani ƙofa, Alhaji kuma ya karɓi wannan magana hannu biyu, domin ta fi masa sauƙin ɗauka. Ya ce shekara ɗaya ya bayar kuma ta cika. Ta gama sake buga babin tun makon jiya, shafi ashirin da shida cif, yana ajiye ba mai karɓa.

Ranar talatin ga wata ake rufe rajista. Ku da kuke zama da Alhaji Mailafiya a rumfar hatsi, ku da kuke sahu ɗaya da shi a masallaci, kun ji abin da aka faɗa a gidan nan da wanda ya sa aka faɗe shi. Kada ku tsaya a jaje. Ku tashi ku same shi yau, ku ce ya sa ta a mota.