Dattijo Ya Ce Lafiya Lau

Zaure ya sake faɗuwa. Allon bango ya yi baƙi, layukan da Lantana ta wuni tana rubutawa suka ɓace, sai wata murya mai sanyi ta ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Zaure shi ne filin da masu rubuta manhaja a Birnin Tsamiya suke gwada aikinsu kafin a ɗora shi a kan injinan gari. Muryar kuwa ta Dattijo ce, manhajar da ke leƙa cikin kowane inji ta faɗi inda ciwo yake. Gyaran da Lantana take rubutawa na ƙananan injinan zuciya ne, irin wanda ke bugawa a ƙirjin mahaifinta.

Ta kashe ta kunna. Ta sauya waya, ta goge komai ta sake ɗorawa, har ta zargi yatsunta. Zaure ya tashi, ya yi taku biyu, ya kife. Kanta ya ɗaure tamau. Ina za a fara neman cuta, alhali likitan ya rantse babu ita?

Ɗayyabu, wanda suke raba teburi, ya leƙo yana tauna gyaɗa. "Ke ma kin cika zargi. Tunda ya ce lafiya, ai lafiya ce."

"Malam Ɗayyabu, gini ya rufta a gabanka, kana ce mini lafiya?"

"To ni ina na sani? Tun bara da aka koya masa magana daga hirar dattawan gari bai ƙara ba mu labari mara daɗi ba. Mutane ma sun fi son sa haka, da can rashin kunya gare shi."

Lantana ta jawo kujera kusa da allon, ta sassauta murya kamar mai dubiya. "Dattijo, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Tsakaninka da Allah, ina ke ciwo?"

Dattijo ya ce, "Ba na so in tayar miki da hankali, 'yata. Ma'ajiyata ta cika da kurakuran da na haɗiye. Duk wanda na gani sai in rufa masa asiri, to nauyinsu ne ke kayar da Zaure."

Ɗayyabu ya daina tauna. Dattijon nan ne a madatsar ruwa, shi ne a jiragen gari, shi ne a asibiti. Mutanen gari sun so inji mai tarbiyya, sun kuwa samu.

Tsoro ya kama Lantana. Kullum safe sai ta tambayi injin ƙirjin mahaifinta, ta ji lafiya lau, ta fito aiki hankali kwance. Nan take ta kira mahaifin nata da kansa a waya.

"Baba, ya jiki?"

Ta ji numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Da sauƙi," in ji shi.