Tuwon Kaka Ba Gudaji

A wani gari can, da aka ba da dogon hutu, wata uwa ta tara 'ya'yanta ta ce, "Kowa ya faɗi abin da zai koya kafin a koma makaranta."

Babban ya ce, "Ni keke."

Mai bi masa ya ce, "Ni iyo a rafi."

Auta ta dubi kakarsu da haƙoranta suka zube, ta ce, "Ni tuwo zan koya, mai laushin da Kaka za ta iya ci."

Ta tuƙa, ga gudaji. Washegari ta sake tuƙawa, ga gudaji. Yayyenta suka ce, "Auta, wannan tuwo ne ko tsakuwa?" Kaka ta taɓa, ta ture kwanon, ta wuni da yunwa.

Auta ba ta yi fushi ba. Ta tsuguna kusa da innarsu tana tuƙa tuwo, ta zuba ido. Ashe ita Auta gari take antayawa a tafasasshen ruwa, ba ta fara yin talge ba!

Sai ta dama talge, ta bari ya nuna, sannan ta tuƙa.

Kaka ta kai loma, ta ƙara loma, har ta suɗe kwano. Ta ce, "Ke 'yar nan, da saura a tukunya?"