Jifa Duk Minti Goma

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan ana dab da kiran magariba, matar gidan tana kwashe shanya, inuwa ta gama cinye tsakar gida. Ta ɗaga kai ta aika wa yaran maƙwabta baƙar magana, ta ci gaba da ninke kaya. Can sai ga na biyu. Maigidan, wanda unguwa ke kira Mai Shafi, shi ne ya duba agogo a jifa na huɗu. Tsakanin dutse da dutse minti goma ne cif.

Ya san wannan lissafin, don da shi yake ci da iyali. Yana da shafin labarai a intanet, amma bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba. Manhaja ya ɗora a kwamfuta, ya ba ta adireshin jaridu ɗari biyu. Duk minti goma sai ta zaga su ɗaya bayan ɗaya, ta kwaso kanun labari da hoto da 'yan layukan farko, ta jera a shafinsa. Sabo kawai take nema. Abin da ta riga ta ɗauka ba ta waiwayarsa, ko da masu shi sun goge. Shi kuwa gogan ko karantawa ba ya yi. In an yi magana ya ce, "Ni ɗan aike ne, ba ni na kashe zomon ba." Ya manta ko rataya aka ba ka, kai ma da kai.

Kwana uku ana jifan, daga faɗuwar rana zuwa isha'i. A na huɗu dutse bai faɗo ba. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ke sa mutum ya ji bugun zuciyarsa. Sai Auta, 'yarsu mai shekara goma sha shida, ta ajiye littafinta, ta miƙe ƙyam a tsakiyar falo, ta buɗe baki da wata murya mai kauri.

"An kama ungozoma ta sayar da jariri."

Ta yi shiru, ido a kafe. Bayan minti goma ta maimaita. Uwar ta riƙe ta tana kuka tana kiran sunan Allah, yarinya kamar icce. Sati guda ba ci ba sha sai da ɗura, wuyanta ya zama kamar mariƙin lema.

Aka ɗauko Malam, wani tsoho marar yawan magana. Ya zauna a tabarma bayan la'asar, ya yi ta karatu har hasken taga ya koma ja. Sannan Auta ta yi wata dariya da ba tata ba.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Maƙwabcin ungozoma. Shekara ashirin ina zaune a bayan ɗakinta. Ba ta taɓa watsa ruwan zafi ba sai da bismilla."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ita? Ba komai. Tambayi ubanta."

Mai Shafi ya ce, "Wallahi Malam ban san wata ungozoma ba."

"Ai shi ne laifin," in ji muryar. "Wata jarida ta rubuta ƙarya a kanta. Washegari gaskiya ta fito, suka goge, suka ba da haƙuri. Naka injin ya kwashi ƙaryar, ya bar haƙurin. Shekara uku, duk asibitin da ta nemi aiki, in aka bincika sunanta a intanet, shafinka ne a sama. Sau tara ta rubuto maka. Mata suka daina kiranta, surukinta ya hana ta ɗaukar jikanta. Watan jiya aka binne ta, mutum bakwai a jana'iza, na ƙirga."

Mai Shafi ya tuna akwatin saƙonnin da bai taɓa buɗewa ba, kunya ta rufe shi.

"Malam, kai ka san tarihinmu," muryar ta ci gaba. "Mu ma mun yi satar ji, mu kai labari gaba ba tantancewa. Da wuta aka jefe mu. To shi wa zai jefa?"

"Ba a kama ɗiya da laifin uba," in ji Malam. "Ka ji tsoron Allah ka fita. Faɗi sharaɗinka."

"Ya goge da hannunsa. Ya rubuta gaskiya da hannunsa, ya sa a sama."

Mai Shafi ya jawo kwamfuta. Ya goge, ya zauna yana haɗa jimloli kamar ɗan koyo, gumi na ɗiga, ya karanta a fili.

"Na ji," in ji muryar, a gajiye. "Shafuka arba'in sun kwasa daga wurinka, waɗannan ba mai goge su. Zan tafi. Ba ni da sauran aiki a nan, akwai mai ƙarasawa."

Auta ta yi atishawa sau uku ta sulale. Da ta buɗe ido ta ce, "Umma, ruwa." Uwar ta fashe da kukan murna.

Da safe Mai Shafi ya buɗe shafinsa don ya ga gyaran. Gyaran ya riga ya gangara ƙasa, sababbin labarai sun danne shi. A can sama kuwa ga hoton Auta, ido a kafe, kai ba ɗankwali. Ashe wani ya leƙo ta taga da waya, wani ƙaramin shafi ya buga, manhajarsa ta kwaso kamar kullum: aljani ya kama 'yar mai shafin labarai. Da cikakken sunanta, da sunan makarantarsu.

Ya goge da sauri. Sannan ya duba lokacin da labarin ya hau. Awa tara ke nan.

Auta ta leƙo a bakin ƙofa da kayan makaranta, ta rame amma tana murmushi.

"Baba, yau zan iya komawa?"